Dasashina yana fitowa in na yi murmushi: wane gyara ne ya dace da ni?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 27. Tun ina ƙarama, da na yi murmushi sai dasashina na sama ya fito sosai, har na saba kare baki da hannu in zan yi dariya. Hoto kuwa ba na yarda a ɗauke ni sai na tsuke baki. Wata ƙawata ta ce in je a yi mini allurar Botox, wani likita kuma da na gani ya ce a rage dasashin da leza, wato hasken da ake yanka nama da shi, cikin rabin awa an gama. Na ji ana cewa wasu har tiyatar muƙamuƙi ake yi musu, wannan kam ya ba ni tsoro. Wanne ya fi, kuma wanne ne in an yi ba ya dawowa?

Amsa: Ƙanwata, sannu. Duk hanyoyi ukun nan da kika lissafa ana yin su, kuma kowacce akwai waɗanda ta yi wa rana. Sai dai ba abu ɗaya suke gyarawa ba. Fitowar dasashi alama ce kawai, kamar yadda ciwon kai yake alama. Mata huɗu za su shigo da murmushi iri ɗaya, amma in aka bincika sai a tarar wata leɓenta ne ke ɗagawa fiye da kima, wata dasashi ne ya lulluɓe mata haƙora, wata ƙashin muƙamuƙinta na sama ne ya yi tsawo, ta huɗun kuwa maganin da take sha ne ya kumbura mata dasashi. In aka yanke dasashin mai matsalar ƙashi, an tone mata saiwar haƙori a banza. In aka yi wa mai gajerun haƙora Botox, leɓe zai sauko ya rufe ɗan abin da ake gani na haƙoran, murmushin ya dushe. Kowace ƙwarya da abokin burminta. Ki kuma sani mu likitoci kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: mai leza leza zai fara kawo miki, mai allura allura, likitan tiyata tiyata. Awo ne ke raba gardama.

Kafin awon, mu san abin da ake kira yawa. Milimita 1 zuwa 2 na dasashi a saman haƙoran gaba ba aibi ba ne, da yawa ma shi ke sa murmushi ya yi kama da na ƙuruciya. A 1999 Kokich da abokan aikinsa a Amurka sun nuna wa mutane hotunan murmushi da aka sassauya da kwamfuta. Likitocin daidaita haƙora sun fara ƙorafi tun daga milimita 2, amma sauran jama'a ba su ga abin kushewa ba sai da ya kai milimita 4. Wato idon gwani ya fi idon waɗanda kike zama da su tsanani. Abin kuma ba baƙo ba ne. Wani bincike na 1984 a kan matasa ya tarar kusan mutum ɗaya cikin goma leɓensa na sama yana tashi har ya bayyana dasashi, kuma mata sun ninka maza. Da shekaru leɓen sama yana ƙara tsawo yana sakkowa, shi ya sa tsofaffi haƙoran ƙasa aka fi gani in suna magana. Wadda ke nuna milimita 3 tana da shekara 27, in ta kai hamsin abin da ake gani zai ragu. Ina faɗin wannan ne don duk gyaran da za a yi miki, a yi shi da lissafin fuskar da za ki kasance da ita nan da shekara ashirin. Wadda aka rufe wa dasashi ɗungurungum yau, gobe haƙoran ma ɓuya za su yi.

Likitan da ya san aikinsa ba zai tsaya ga hoto ɗaya ba. Murmushin da mutum ke yi wa kyamara na dole ne, musamman wadda ta shekara da shekaru tana ɓoye bakinta kamar ke. Ni bidiyo nake ɗauka, in yi ta jan mutum da hira har dariyar gaske ta kufce masa. Daga nan sai a auna abubuwa huɗu. Tsawon leɓen sama, daga gindin hanci zuwa bakin leɓe: a mata yakan kama milimita 20 zuwa 22, a maza 22 zuwa 24. Sai abin da ke bayyana na haƙoran gaba in leɓe yana hutawa. Ki ce “mama” ki saki bakinki kada ki rufe. Budurwa yawanci milimita 3 zuwa 4 ake gani. Sai nisan da leɓen ke tafiya daga hutu zuwa cikakken murmushi, wanda bai cika wuce milimita 6 zuwa 8 ba. Na ƙarshe tsawon haƙorin gaba kansa, milimita 10 zuwa 11, faɗinsa kuma kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tsawon.

Waɗannan lambobi su ke nuna hanya. Haƙori mai milimita 8, tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya, yana cewa ko dai dasashi ya rufe shi ko kuwa ya cinye daga ƙasa. In a hutu komai daidai yake, amma da an yi dariya leɓe ya yi tsalle milimita 12, tsokar leɓe ce mai zafin nama. In kuwa tun a hutu haƙora sun zubo waje, leɓɓa ba sa haɗuwa sai an matsa har fatar haɓa ta yamutse, fuska daga hanci zuwa haɓa ta yi tsawo, kuma dasashin yana bayyana har can wajen turame, to zargi ya koma kan ƙashi, sai a ɗauki hoton ƙashin kai ta gefe a tabbatar. Sau da yawa biyu ne ko uku suka haɗu a baki ɗaya.

Abin da ake fara kawarwa shi ne kumburi. Dasashin da datti ya taru a gindinsa yakan yi ja, ya kumbura, ya hau kan haƙori, ya riƙa jini wajen goge baki. Wankin haƙori a asibiti da gyara yadda ake gogewa a gida sukan mai da shi mazauninsa cikin 'yan makonni, ba wuƙa ba allura. Akwai kuma magungunan da aka san suna sa dasashi ya tofo: fenitoyin na farfaɗiya, nifedifin da amlodifin na hawan jini, da saikulosuforin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. In kina shan ɗaya daga cikinsu kada ki daina da kanki, likitan da ya rubuta shi ne zai duba ko akwai madadi. Yanke irin wannan dasashi alhali ana ci gaba da shan maganin kuma ba a kula da tsabta, aikin baban giwa ne, zai sake tofowa. Mai juna biyu ma dasashinta kan kumbura, ita sai a jira ta sauka. Tun da kin ce naki tun ƙuruciya ne, ba na zaton nan matsalarki take, amma a duba.

Yanzu ga batun leza, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan aka fi yin kuskure. Haƙori fitowa biyu yake yi. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, ya huda dasashi ya taso har ya haɗu da abokinsa na ƙasa. Ta biyu a hankali take, dasashin ne ke ja da baya har ya tsaya kusa da wuyan haƙori, wato inda farin ɓawo ya ƙare saiwa ta fara. Wannan ja da baya yana ci gaba har wajen ƙarshen shekarun balaga, shi ya sa ba a gaggawar yanke dasashin yarinya 'yar 13. A wasu mutane dasashin sai ya tsaya a hanya. Haƙorin cikakke ne, yana nan a ƙarƙashi, mayafi ne kawai ya rufe kansa. Su ne aka yi aikin rage dasashi dominsu, kuma a gare su sakamakon yana da ban sha'awa: a zama ɗaya haƙori ya fito da siffarsa ta asali.

Amma akwai sharaɗi. Jiki yana son tazara tsakanin bakin ƙashin da ke riƙe haƙori da bakin dasashi. Gargiulo da abokansa sun auna wannan a 1961, suka tarar naman da ke manne da haƙori a saman ƙashi yana cin kusan milimita 2. In aka haɗa da ɗan ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori, ya zama kamar milimita 3. Jiki ba ya yafe wannan tazara. In ƙashin yana can nesa da wuyan haƙori, ana iya yanke rarar naman kawai a tafi gida, ya zauna. In kuwa ƙashin ma ya hauro har wuyan haƙori, aka yanke naman aka bar ƙashin, dasashi zai sake tofowa don ya mai da milimita ukunsa, ko kuma ya zauna kullum cikin ja da kumburi. A irin wannan sai an ɗaga dasashin, a goge bakin ƙashin kaɗan, a mayar a ɗinke. Ana kiran aikin tsawaita kan haƙori. Da allurar kashe zafi ake yi, mutum yana farke, a cire zare bayan mako ɗaya ko biyu.

Na taɓa duba wata baiwar Allah da aka yi wa leza sau biyu cikin shekara guda a wani wuri, kowane karo ta yi murna wata uku, sannan dasashin ya dawo inda yake. Ba wanda ya taɓa auna mata ƙashi. Da aka kashe zafin wurin aka zura ɗan sandan awo, sai ga ƙashi daf da wuyan haƙori. Leza wuƙa ce kawai, wadda ba ta cika zubar da jini ba, kuma irin wadda aka fi samu a ɗakunan haƙori nama kaɗai take yanka. Ba ta yanke shawarar inda ya kamata a yanka. Don haka ki tambayi wanda ya ce rabin awa: nawa ne tsawon haƙorana, ina wuyansu yake, ina ƙashin ya tsaya? In ba shi da amsa, bai shirya ba. In aka zarce aka tone saiwa, ita ta fi ɓawo rawaya, tana sara in an sha ruwan sanyi, kuma baƙaƙen ramuka kan buɗe a tsakanin haƙora. Dasashin da ya yi yawa ana iya ragewa gobe, wanda aka cire fiye da kima maido shi sai da dashe, shi ma ba kullum yake cika ba. In za a sa wa haƙoran riga ko fuskar tangaran bayan aikin, a jira wata 3 zuwa 6 dasashi ya tsaya wuri ɗaya. Mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, warkewarsu tana da jinkiri, a fara da gyara wannan.

Akwai gajeren haƙorin da ba dasashi ne ya rufe shi ba. Mai gurza haƙora cikin barci yana cinye bakinsu, su kuma sai su riƙa sakkowa a hankali don su ci gaba da taɓa na ƙasa, suna jawo dasashi da ƙashi tare da su. Haka ma wadda haƙoranta na sama suka rufe na ƙasa da yawa in ta ciza. Alamar wannan ita ce dasashin gaba ne kaɗai ya sauko, na wajen turame yana mazauninsa. Maganin shi ne a mai da haƙoran sama, aikin likitan daidaita haƙora ke nan, da wayar ƙarfe da ake ɗaura wa haƙora. A da tura haƙori cikin ƙashi yana da wuya, don ba abin da za a jingina a kai: in ka jingina da turame su ma motsawa suke yi. A 1983 Creekmore da Eklund suka dasa 'yar ƙusa a ƙashin da ke ƙarƙashin hanci, suka ɗaura roba, suka ɗaga haƙoran gaba kusan milimita 6. Yau ƙananan ƙusoshin ƙarfen taitaniyom, kaurinsu bai kai milimita 2 ba, sun zama kayan aiki na kullum. Ana sa su da 'yar allurar kashe zafi, a kwance su in an gama. Sun ceci mutane da dama da a da sai tiyata. Kuɗin da ake biya shi ne lokaci, shekara ɗaya zuwa biyu, wani sa'in fiye. Ƙarfin ja kuma dole ya zama mai laushi, don tura haƙori ciki yana cikin motsin da ya fi gajarta saiwa. Bayan an cire waya akwai abin riƙe haƙora da za a riƙa sawa, wanda ya yi wasa da shi haƙoransa za su nemi hanyar gida.

Sai Botox ɗin ƙawarki. Dafi ne da wata ƙwayar cuta ke samarwa, an tace shi, ana ba da ɗan mitsitsi. Yana hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta yi sanyi na wani lokaci. Tsokoki uku ne ke ɗaga leɓen sama, suna gangarowa daga gefen hanci da kumatu. Mario Polo, likitan daidaita haƙora a Fuwato Riko, ya wallafa yadda ya yi amfani da shi don wannan matsala a 2005, sannan a 2009 masu bincike a Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu suka nuna wurin da tsokokin uku suke haɗuwa, kamar santimita 1 daga gefen hanci, santimita 3 sama da kusurwar baki. Abin da ake sawa kaɗan ne, awo 2 zuwa 3 a kowane gefe, alhali wajen gyara tamojin tsakanin gira awo 20 ake yi. Yana fara aiki cikin kwana 3 zuwa 5, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a mako biyu, sannan ya riƙa sakin tsokar a hankali. Tsakanin wata 3 zuwa 6 an koma gidan jiya, sai a sake.

Ga wadda matsalarta zafin naman leɓe ne kawai, yana aiki sosai. Ni abin da na fi so game da shi ma shi ne gwaji ne: za ki zauna wata uku da sabon murmushin, ki ga ko kin so shi, kafin ki yarda a taɓa ki da wuƙa. Wasu suna dawowa su ce ba su gane kansu a madubi ba, a bar musu nasu. Illarsa tana hannun mai yin allurar. In ya zarce ko ya kauce wuri, murmushi ya karkace gefe ɗaya, ko leɓe ya yi nauyi, haruffan da ake haɗa leɓe wajen furta su kamar b da m su yi wuya, kurɓar ruwa ma ta zama aiki. Ba allurar da ke warware shi, sai haƙuri har ya sake da kansa. Shi ya sa ake fara da kaɗan, a dawo bayan mako biyu a ƙara in da buƙata. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai shayarwa, ko mai ciwon da ke raunana tsoka irin mayasteniya. Dysport da Xeomin dangin Botox ne, amma awon Dysport ba ɗaya yake da na Botox ba. Kada ki yarda wanda ba likita ba ya yi miki, kuma ki ga kwalbar da idonki.

Wadda Botox ya yi mata kyau amma ta gaji da komawa, akwai ƙaramar tiyatar sauko da leɓe. Rubinstein da Kostianovsky na Ajantina ne suka bayyana ta a 1973. Ana cire wani siririn yanki na fatar cikin leɓe, can sama inda leɓe ya haɗu da dasashi, faɗinsa kamar ninki biyu na abin da ake son ɓoyewa, ba a cika wuce milimita 10 zuwa 12 ba. Sai a ɗinke, lungun ya rage zurfi, leɓe ya rasa filin tashi. Tabon yana ciki, ba a gani. Mako biyun farko akwai kumburi da jin baki ya ɗaure, ana hana dariya mai yawa. Yakan rage milimita 3 zuwa 4. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce tsokar tana nan da ƙarfinta tana ja, kuma a mutane da yawa wani ɓangare na dasashin yana dawowa cikin wata 6 zuwa 12. Wasu likitoci suna haɗawa da yanke tsokar kaɗan ko da Botox don ya fi zama. Duk wanda ya ce miki na har abada ne, ya ƙara gishiri.

Allurar cika leɓe kuwa ba na ba da shawararta don wannan matsala. Tana ɗan rufe dasashi, amma gefen hanci wuri ne mai jijiyoyin jini da ke da alaƙa da na ido. In abin ya shiga jijiya yana iya kashe fata, har makanta an samu, ko da yake ba kasafai ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Tiyatar da ta ba ki tsoro ta mutane ƙalilan ce, waɗanda ƙashin muƙamuƙinsu na sama ya yi tsawo sosai. Garber da Salama sun kasa wannan gida uku a 1996, gwargwadon dasashin da ke fitowa: milimita 2 zuwa 4, 4 zuwa 8, da abin da ya haura 8. Na farko ana iya rufe shi da ƙananan hanyoyin da na ambata. Na tsakiya ana duba mutum da abin da yake so. Na ukun ba abin da ke gyara shi da gaske sai ƙashi. Aikin ana kiransa Le Fort na ɗaya, da sunan René Le Fort, likitan Faransa da ya bayyana layukan da ƙashin fuska ke bi in ya karye, a 1901. Ta cikin baki ake shiga, ba tabo a fuska. A yanke muƙamuƙin sama a kwance a saman saiwoyin haƙora, a cire rarar ƙashin, a ɗaga shi, a ɗaure da ƙananan faranti da ƙusoshi. Binciken William Bell a Amurka, wanda ya nuna jini yana ci gaba da isa ga ƙashin bayan an yanke shi, shi ya sa aikin ya zama ruwan dare tun shekarun 1970.

Babban aiki ne, ba zan rage masa girma ba. Ana sa mutum barci, ya kwana ɗaya zuwa uku a asibiti, fuska ta kumbura makonni, a yi kamar mako shida ba tauna mai ƙarfi. Yawanci akwai waya shekara ɗaya ko fiye kafin tiyatar, da wasu watanni bayanta. Leɓen sama da kumatu sukan yi kamar ba naki ba na wani lokaci, a wasu ƙalilan jin ba ya dawowa duka. Gindin hanci yana iya ƙara faɗi, likitoci suna ɗaure shi da zare ta ciki don rage hakan. Ba a yi sai girma ya tsaya. Amma ga wadda ta cancanta, riba ta wuce murmushi: leɓɓa su haɗu ba tare da matsi ba, muƙamuƙin ƙasa ya juyo gaba, haɓa ta fito, fuska ta daidaita. Ƙwararren likita da abin da ake gani a hutu yake lissafin nawa zai ɗaga, ba da dariya ba. Wanda ya bi dariya zai ɗaga da yawa, ya mai da budurwa mai bakin tsohuwa.

Kin tambayi wanne ne ba ya dawowa. Ɗaga muƙamuƙin sama yana cikin tiyatar muƙamuƙi da suka fi zama daram. Tsawaita kan haƙori ma yana zama, in an gyara ƙashin yadda ya kamata. Waya tana zama gwargwadon riƙon da aka yi mata bayan an gama. Sauko da leɓe yana zama rabi da rabi. Botox kuwa tun farko ba a yi shi don ya zauna ba. Amma kowannensu yana zama ne a bakin da ya dace da shi kaɗai. In dalilai sun haɗu, akwai jeri: a kawar da kumburi, a gyara mazaunin haƙora ko ƙashi, sannan dasashi, leɓe shi ne na ƙarshe. Sau da yawa in aka fito da tsawon haƙori milimita 2, abin da ya rage na dasashi bai kai a damu da shi ba, sai a bar leɓen ya huta.

Abin da zan ce ki yi shi ne, ki sa wata ta ɗauke ki bidiyo kina dariyar gaske, hannu a ƙasa. Ki tafi da shi wurin likitan dasashi ko likitan daidaita haƙora, tare da sunayen duk magungunan da kike sha. Ki roƙi a rubuta miki lambobin nan huɗu a takarda, da milimitan dasashin da ke fitowa. Kafin a yanke komai, ki ce a ɗora miki farin abin cike haƙori na wucin gadi a kan dasashin, ki ga a madubi yadda haƙoran za su kasance in an tsawaita su. Minti kaɗan ne, kuma ɓare shi ake yi. In awo ya nuna haƙoranki na gaba sun riga sun kai milimita 10 ko 11, ki yi wa mai lezar godiya, ki ce masa ba naki ba ne wannan aikin.